Halliru Bai Yanke Hanya Ba

Cikinku wa ya taɓa shiga teku ya yi iyon ko da tsawon kwantena ɗaya, ku da kuka zauna a wurin makoki kuna cewa Halliru ya yi maguɗi? Da kunnena na ji. Ana rabon dabino, wani ya sunkuya ya ce wa na kusa da shi, "Mutumin kirki ne, sai dai wancan abin na tsere da aka kama shi ya yanke hanya." Na danne zuciyata saboda darajar wurin. Yau ba zan danne ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Halliru Ado Wudil a wani asibiti nan Dubai, bayan jinyar kwana tara. Shekararsa arba'in da bakwai. Ya bar matarsa Sauda da 'ya'ya uku a Wudil. Duk wanda ya taɓa aika kaya Kano daga kasuwar Al Sabkha ya san shi, domin shi ne mai ɗaure kargo wanda katan ɗinsa ba ya fashewa a hanya.

Yaya Halliru, shekara biyar muna ɗaki ɗaya. Ranar da na sauka ban san kowa ba, kai ka matsar da katifarka ka ce, "Ajiye jakarka nan, habibi, ɗan'uwana, ɗakin ba shi da faɗi amma ba ya korar mutum." Ka lura ina karanta duk takardar da ta faɗo hannuna, har rubutun jikin katan, sai ka riƙa tsinto mini tsofaffin jaridu a shaguna. Ba ka taɓa yi mini dariya ba lokacin da nake haɗa Turanci baƙi-baƙi. In na yi faɗa da wani, kuma kullum sai na yi, kai kake zuwa ba da haƙuri a madadina.

Kai ɗan bakin kogi ne. Ka sha ba ni labarin yadda kuke tsallaka kogin Wudil kuna yara, riguna a ɗaure a ka. Wata Asabar muka je bakin teku a Jumeirah, ka ga mutane sun fito daga ruwa a guje sun haye kekuna. Ka tambaya, aka ce gasa ce mai hawa uku: iyo na kusan kilomita biyu, keke kilomita casa'in, sannan gudu kilomita ashirin da ɗaya, duk a jere ba hutu. Ka ce, "Fahad, ai duk ukun na iya." Na ce ka iya su ɗaya-ɗaya, lokacin kana da gashi.

Shekara biyu ka yi kana shiri. Ranar farko da ka shiga teku ka fito kana tofar da yawu kana cewa wannan ba ruwa ba ne, miya ce aka cika wa gishiri. Ka sayi tsohon keke a hannun wani ɗan Filifin, sirdinsa kamar wuƙa. Bayan asuba ka yi gudu a bakin mashigin ruwan da ake kira Creek, ka yi wanka, ka wuni kana ɗaga katan. Matsattsen wandon 'yan keke ya ba ka kunya, sai ka kai wa tela a Al Buteen ya ɗinka maka wani da ya wuce gwiwa ka riƙa ɗorawa a kai. 'Yan kasuwa suka sa maka suna Bature. Wani ya ce, "Mutum da furfura yana tsere da iska, ko sisi ba a ba shi." Ka ce, "Alhaji, wasu ma biya suke a bar su su sha wahalar."

Ni na karanta maka dokokin gasar, shafi-shafi, ina fassarawa. Har yau ina tuna wadda na maimaita sau biyu: ɗan gasa ba ya karɓar komai daga hannun ɗan kallo, ko ruwa ne, sai a teburan da masu gasar suka kafa. Wanda ya karɓa, an soke shi. Ka ce ka ji. Ina so kowa ya riƙe wannan: ka san dokar.

Ranar gasar, a Fabrairun bara, na ga shigarka ruwa da lamba ɗari huɗu da sha biyu a damtse. Ka fito cikin na ƙarshe-ƙarshe, kana dariya. Keke ya ci maka sama da awa uku a cikin sahara, iska na tura ka baya. Da ka sauka ƙafafunka sun ƙi miƙewa, na yi ihu, "Yalla, Yaya, maza!" ka ɗaga mini hannu ka ja jiki.

Cikin dukan mutanenmu na unguwar Deira, mutum biyu ne suka zo. Ni, da wani dattijo ɗan kasuwa da ya girme ka da kusan shekara ashirin. Ya tsaya a rana da babbar riga wajen kilomita na sha biyar, riƙe da gorar kunun aya mai sanyi da iyalinsa suka dama saboda kai. Da ka iso ya shigo bakin hanya ya miƙo maka da hannu biyu. Ina tsallaken titi ina ɗaga murya, "Kar ka karɓa!" Ka ji ni, domin ka waiwayo. Sai ka tsaya, ka rusuna ka gaishe shi, ka karɓa ka sha, ka yi godiya. Wani alƙalin gasa a kan babur ya rubuta lambarka.

Ka ƙarasa sauran kilomita shida da ƙafa mai ɗingishi. Awa bakwai da minti arba'in da ɗaya. Ka tsallake layin ƙarshe ka yi sujada a kan kwalta mai zafi. Da sakamako ya fito, sunanka na can ƙasa cikin waɗanda aka soke. Ban ga laifin masu gasar ba, dokarsu suka bi. Kai na yi wa masifa a mota har muryata ta dushe. Da na gaji ka ce, "Fahad, dattijo ya tsaya a rana saboda ni, ya miƙo mini abu a gaban mutane. In wuce shi kamar ban gan shi ba? Da wane ido zan gaishe shi gobe? Halas, shi ke nan, na yi iyona, na yi kekena, na yi guduna. Ƙafafuna sun san sun kai."

Sannan ka sa na yi maka alkawari ba zan faɗi sunansa ba, don kada ya ji kunya. Wani ya ga sakamakon a waya ya watsa a zauren hirar 'yan kasuwa na waya, kafin magariba labari ya zama ka yanke hanya. Wata goma sha ɗaya kana jin ana faɗa, kana murmushi kana ɗaure katan. Ka ce baɗi za ka sake, ka rufe bakin kowa. Kekenka na nan jingine a bayan ƙofa, ka sa masa sabuwar taya mako uku kafin ka kwanta.

Shekaranjiya 'yarka Kamila ta aiko mini da saƙon murya daga Wudil. Ta ce, "Kawu Fahad, wai da gaske Baba ya yi ha'inci a tseren nan? A wurin gaisuwa na ji ana faɗa." Maganar ta haye teku ta isa gidan marayu. Na ce mata ƙarya ne. Amma ni abokin ɗakinka ne, kowa zai ce kare ka nake yi.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Halliru. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sauda, da Kamila da ƙannenta Maharazu da Muhsinat, da dukan dangi a Wudil. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Saura kai, Alhaji mai kunun aya. Na san alheri ka yi niyya, kuma ban da ni, kai kaɗai ka zo lokacin da sauran ke dariya. Ban faɗi sunanka ba, ba kuma zan faɗa ba. Amma kana zaune a wurin makokin nan aka yi waccan magana, ka sunkuyar da kai. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, inda mutanenmu ke taruwa a Al Sabkha, ka miƙe ka faɗi abin da ka miƙa masa da abin da ya jawo. Zan riƙe waya, Kamila tana saurare. Ya rusuna maka a tsakiyar tsere, Alhaji. Kai za ka miƙe masa?