Kwamfutocin da Ke Kulle a Sito

Shekarar da aka sabunta manhajar darasin kwamfuta, ina koyarwa a wata sakandaren gwamnati da ke hanyar Yashe. Aka tara mu bita a Kankia, aka ce daga yau zane a allo ya ƙare, dole yaro ya taɓa na'ura da hannunsa. Muka tafa, muka ci shinkafa, kowa ya kama hanyarsa.

Kwamfutoci kam muna da su, har da farantan sola. Suna sito cikin kwalayensu, makulli na aljihun shugaban makaranta. Dattijo ne mai amana, manomi tun kafin ya zama malami, kuma yadda yake adana irin shuka haka ya adana su. Na roƙe shi har na gaji da jin muryata.

"Malam," in ji shi, "in yaran ga suka ɓata guda, mi za ni ce ma masu duba makarantu? Kayan gwamnati ne fa."

Na koma allo. Na zana gilashin kwamfuta, na zana linzami a gefensa, wato maus ɗin da ke motsa kibiya a gilashin, ɗalibai suka kwafa tsaf.

A aji shida akwai wata yarinya, ɗiyar malamin Islamiyya, kanta na ja ƙwarai. Mahaifinta ya yarda ta zauna jarrabawar shiga jami'a sau ɗaya tak, in ba ta ci ba ta dawo ta taya shi koyarwa. Jarrabawar kuwa da kwamfuta ake yin ta, a Katsina.

Da ta dawo ta same ni a ofis, ta durƙusa ta gaishe ni.

"Malam, tambayoyin duk na san su. Kibiyar ce ta ƙi tafiya."

Ashe ɗaga linzamin ta yi a tsaye kusa da gilashi, kamar yadda ta saba ganinsa a allo, tana ta kaɗa shi a iska. Masu sa ido duk maza ne, kunya ta hana ta magana. Kafin ɗaya ya lura, lokaci ya kusa ƙarewa. Raina ya ɓaci.

Sakamako ya fito, makinta bai kai ba. Ranar da ta zo sallama, har ta kai ƙofa ta juyo.

"Malam, don Allah a faɗa ma 'yan aji biyar, linzamin nan bisa tebur ake aje shi."