Ɗauri Takwas na Uwar Siminti

Shekara goma sha tara ina ba da kati a tagar asibitinmu, ɗakin da ke jikin nawa kuma na Uwar Siminti ne. Ita ke ɗaura wa jarirai siminti, wato bandejin asibiti mai ƙamewa, waɗanda aka haifa da ƙafa a lanƙwashe ciki. Duk Talata ake kawo su, ta jiƙa tsohon ɗauri a baho ta warware, ta murza ƙafar a hankali har ta ɗan ƙara miƙewa, sannan ta naɗa sabo har cinya. Gajeriya ce, ga faɗa kamar me, ko biro ba na aro a wurinta. Amma hannunta, tubarkalla. Jaririn da ya shigo yana tsala ihu sai ka ga ya yi barci tana cikin naɗi.

Tambayar iyaye ɗaya ce: sati nawa? Akwai takardar likita da ake cikewa, a duba wuri shida a ƙafa a ba kowanne maki. Tana cikewa, sai dai kafin ta ɗauki biro ta riga ta danna diddige, ta leƙa tsagar tafin ƙafa, ta san abin da za ta faɗa. Kuma ba ta rage ko sati ɗaya don a ji daɗi.

Wata Talata wata matashiya ta kawo 'yarta mai wata huɗu. Uwar Siminti ta taɓa ƙafar ta ce, "Ɗauri takwas, in Allah ya so. Daga nan likita ya ɗan saki agara, sai takalmin gyaran ƙafa."

Uwar ta fashe da kuka. Ashe surukarta sati huɗu kacal ta ba ta, in ƙafa ba ta miƙe ba a fasa simintin a kai yarinya wurin mai ɗori.

"Don Allah Mama, ki rubuta huɗu in nuna mata," in ji ta. "In ya cika ma san dabara."

"In rubuta huɗu, sati na biyar ki zo min da wa? Je ki kawo min tsohuwar."

Na ce a raina za a yi ta ke nan. Sati na zagayowa sai ga kakar, doguwa, baki a tsuke, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Na bar masu kati a layi na leƙa, Allah ya yafe min. Ga mamakina Uwar Siminti ba ta ɗaga murya ba. Kujera ta ba ta, ta kamo babban yatsanta ta ɗora a gefen ƙafar jikar.

"Inna, danna nan. Me kika ji?"

"Ƙashi ne ya turo."

"To shi muke lallashi ya koma mazauninsa. Ranar da kika taɓa ba ki ji shi ba, ɗauri ya ƙare. Ke za ki riƙa duba min."

Shi ke nan, tsohuwa ta samu aiki. Duk Talata ita ce farkon layi. Ta wanke hannu, ta danna, ta sanar wa ɗaki duka cewa ya ragu. Har faɗa take yi wa sauran iyaye in sun bari simintin 'ya'yansu ya jiƙe. Sati na huɗu ya zo ya wuce, ba wanda ya ambaci mai ɗori. Ni kam daɗi ya kama ni, har kati nake ajiye musu tun kafin su iso.

Ranar da aka warware ɗauri na takwas, Uwar Siminti ta danna ƙafar. Ta sake dannawa. Na ga fuskarta ta canza, uwar yarinya kuma ta ƙame a jikin bango tana satar kallon surukarta. Takwas aka ce, takwas ya cika, ƙafa kuwa da saura.

"Matsa in ji," in ji kakar.

Ta ɗora yatsa, ta lumshe ido, ta daɗe. Sannan ta dubi Uwar Siminti ta ce, "Yana nan, ɗan kaɗan. Kin yi kuskure da ɗaya, 'yar nan. Jiƙa bandejinki."

Ita ta riƙe cinyar jikar aka naɗa na tara. Da za su fita ta dubi surukarta ta ce, "Ke kuma Talata mai zuwa ki shirya da wuri, kada ki makarar da ni."