Mamacin da Na Ciyar

Maigidana ya yi wa Turawa aikin reluwe tun yana saurayi, kowane wata suna yankar albashinsa, wai ajiyar tsufa. Da muka zo aikin Hajji muka zauna a unguwar Sa'alaba ta Jidda ba iƙama, wato takardar izinin zama, ƙanensa ne ke karɓar fanshon a gida yana aiko mana.

Wata shekara aka aiko cewa ana tantance tsofaffin ma'aikata, sai mutum ya je da ƙafarsa ya dangwala yatsa a ga yana raye. To, in ya bar Jidda ba dawowa, shi kuwa burinsa ƙasar nan ta rufe shi.

Na ce, "Malam, ka je mana, guminka ne."

Ya ce, "Ke dai kin gaji da suyar ƙosai. Su rubuta na mutu, halas, shi ke nan."

Haka kuwa aka rubuta, fansho ya tsaya. Na gaji kam, amma ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Shekara da shekaru da kaskona na ciyar da mamacin nan, har ƙari yake nema. Ranar da ya tafi da gaske, a nan aka rufe shi, ni kuwa gwiwoyina sun riga sun ƙare.