Zare a Hannun Caja

Baba A-Hankali daga bakinsa ya samo sunan. Duk direban da ya dire masa mataccen batir yana cewa sauri yake, amsar ba ta canzawa: "A hankali dai. Wutar gaggawa dafa batir take yi, ba ta tashinsa."

Shagonsa ɗaki guda ne a bayan garejin makanikai. Tagar ba ta da marfi, shi ya cire da hannunsa, don batir in yana shan wuta iska yake fitarwa, iskar kuma ba ta ga maciji da tartsatsi. Ko surukinsa bai isa ya shigo da taba a baki ba. Aikinsa kullum iri ɗaya ne: ya goge kan batir, ya sassauta murafan, ya ƙara ruwa inda ya ja baya, ya maƙala jan hannun caja a kai mai kauri, baƙin a siririn, sannan ya kunna ta bango. Wajen cirewa kuma bangon yake fara kashewa.

Sai ido ya fara cin amanarsa. Kan batir bai dame shi ba, yatsa na gane mai kauri. Hannayen cajar ne suka zame masa tagwaye, ja da baƙi duk duhu ɗaya, sai ya kai su bakin taga ya yi ta ƙifce-ƙifce. Ya ɗauka babu wanda ya lura, alhali matarsa ta daɗe tana kallonsa yana lalube.

"Malam, ka rufe shagon nan," in ji ta, safe da yamma. Shi kuwa tsoro yake ji, don bai san me zai yi da hannuwansa a tsakar gida ba.

Rannan babban ɗansa ya iso da kwaɗon kulle shago a aljihu. "Baba, in ka juya waya, batir a fuskarka zai fashe. Haɗa ɗaya in gani. In abin ya gagara, don Allah ka haƙura."

Hadari ne a garin, taga ba ta da hasken bayarwa. Baba ya goge, ya duba ruwa da karan tsintsiya, ya miƙa hannu ga cajar. A jikin hannu ɗaya ya ji an naɗe zare tam, da ɗan ƙulli biyu a ƙarshe. Ya san ƙullin nan, na matarsa ne. Shi ne a bayan kowane maɓallin rigarsa tun yana ango.

Zai iya maƙalawa ya yi shiru. Amma bai taɓa haɗa batir da zato ba, sai ya ɗaga hannun cajar sama.

"Wannan mai zaren, ja ne?"

Ɗan ya dubi zaren, ya dubi uban. "Ja ne, Baba."

Ya maƙala, ya kunna, cajar ta kama gurnaninta. Kwaɗon bai fito daga aljihu ba.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana tankaɗe.

"Malam, ni dai ka rufe shagon nan," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"Zaren naki ya ƙare ne?"

"Akwai saura. Gobe ka taho min da ƙaramar cajarka, ita ma in naɗa mata."