Mabuɗin da Hajiya Yabawa Ta Bari a Hannuna

Ni Illa Burahima, ba wanda ya ɗaga ni. Daga aji uku na kwaleji na bar lakwal, wato makaranta, na koya wa kaina gyaran rediyo a bakin kasuwar Gure, na buɗe shago, na sayi kamiyo, babbar motar kaya, na gina gida. Ban taɓa tsayawa ƙofar kowa da roƙo ba. Na faɗi haka ne don a san wanda yake kuka yau.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 6 ga Mayu 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Hajiya Yabawa, zabiyar da ta shekara arba'in tana jan wasannin kwaikwayo na waƙa, da Hausa da Barbarci, daga dandalin garin nan har Damagaram da Yamai.

Hajiya, ke kika fara kawo mini gyaran rediyo lokacin da mutane ke cewa hannuna bai nuna ba. Sa'ad da haihuwa ta zo wa matata Biba da gardama, kwana uku kika yi a likita kina riƙe da hannunta, har motar 'yan wasa ta tafi Yamai ba ke. Ba ki taɓa tuna mini wannan ba.

Shekara talatin ina bin ki da rakoda. Kaset ɗari biyu da sha ɗaya. A ciki kin wasa fatake, kin wasa makiyayan Alakos da direbobi, har mai shayin tasha. Ni ban ji sunana ba. Da na tambaye ki, dariya kika yi, kika ce, “Haba Illa, baƙo ake yi wa kirari. Kai ɗan ɗaki ne, zauna.” Na zauna.

Da ciwo ya kwantar da ke, na kwashe kayan shagona, na sa akwatunan gilashi, na jera tufafinki na wasa da ƙwaryar kiɗanki da kaset ɗin, ya zama gidan tarihinki, na kai miki mabuɗinsa. Saura kwana uku ki cika, a gaban ɗiyarki Kellu, kika mayar mini da mabuɗin cikin tafin hannuna kika ce, “Muryata amana ce. Kada ka ba kowa.”

Tun ranar ban fita daga Gure ba. Zafi na sa zaren kaset ya manne, sai na bi shi da hannu a hankali, kuma tsohuwar rakodar ba ta jin kowa sai ni. Kamiyo na tafiya ba ni. Ƙanena ya yi suna a Kelle, saƙo na aika. Tsofaffin mata na zuwa daga Gamu, su zauna kan tabarma su ce in sa musu muryarki. Da wane ido zan rufe musu ƙofa? Daga hantsi zuwa la'asar ina cikin ɗakin nan ina sauraren sunayen mutane. Ban ce na gaji ba, Hajiya. Amma wadda za ta sallame ni tana ƙasa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Kellu da 'yan'uwanta da dukan 'yan wasanta, Allah Ya ba ku haƙuri.

Saura magana ɗaya, ga kwamitin da zai kafa allo a ƙofar gidan tarihin ranar addu'ar arba'in. Na ga takardar abin da za a rubuta. Akwai sunayenku duka, har da wanda ya ba da darduma. Nawa babu. Ita Hajiya tana da hujjarta ta ƙin kiran sunana, na karɓa. Ku ba ku da ita. Ba roƙo nake ba. Tun da a ɗakin nan zan ƙare kwanana, ku rubuta a ƙarƙashin sunanta: Illa Burahima, wanda ya ɗauki muryarta, ya gina, yake tsaro.