Alfarmar Auta

Mai Agogo ake kiransa har yau, ko da yake ya daɗe da rufe rumfar gyaran agogon. Aikin ne ya cinye masa ido. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a sunkuye kan kusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba, yanzu sai ya kai agogon hannunsa bakin hanci kafin ya san lokaci.

Abin bai dame shi sosai ba, domin yana da Auta. Tun tana firamare ita ke karanta masa Littafi Mai Tsarki da yamma, shi a kan kujerar roba a bakin ƙofa, ita a kan dakali. Shi da ma ba gwanin karatu ba ne, abin da ya sani a bakinta ya ji. Ta girma, ta gama jami'a, ta fara aiki, karatun bai yanke ba. In ta yi nisa sai ta kira shi a waya. Bara ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba.

Littafinta yana nan, amma haruffansa ƙanana ne. Ya gwada da ɗan madubin nan da yake maƙalawa a ido in zai buɗe agogo, sai ya riƙa ganin harafi uku-uku, kafin ya haɗa kalma ya manta ta baya. Abin da ke hana shi sukuni kuwa bai gaya wa kowa ba: muryar yarinyar ta fara dusashewa a kunnensa. Ya sa a ransa cewa in ya sami littafi mai manyan haruffa, mai kalmomin da take faɗa daidai, zai iya riƙe abin da ya rage.

Matarsa ce ta raka shi kantin littattafai, saboda tsallaka titi. Mai kantin, wata mata mai fara'a, ta sauko da Littafi Mai Tsarki guda huɗu ta jera a kan tebur.

Ya ɗauki na farko ya shinshina, ya danna farce a bangon.

"Wannan roba ce."

"Fata ce, Baba."

"To dabbar da aka feɗe a masana'anta aka haife ta."

Matar ta yi dariya ta janye shi. Na biyu ya buɗe a tsakiya ya ajiye, littafin ya rufe kansa. Ya ce manna shi aka yi, ba ɗinki ba ne, shekara biyu zai fara zubar da ganye. Na ukun baƙi ne, mai taushi, yana ƙamshin fata sosai. Ya buɗe shi, ya kwanta luf a tafin hannunsa. Haruffan kuma, a karo na farko cikin shekaru, suka tsaya masa cak.

Ya roƙi mai kantin ta nemo masa surar da Auta ta fi karanta masa. Ya bi layin da yatsa, leɓunansa suna motsi. Sai yatsan ya tsaya.

"An canja."

"Me aka canja, Baba?"

"Nan *alfarma* ce. Sun rubuta *alfarwa*. Ina ruwan wannan wuri da tanti?"

Ta leƙa. Ta ce ko bambancin fassara ne, ta shiga ciki ta ɗauko tsohuwar fassara ta duba masa. Alfarwa. Ta buɗe sauran ukun, har da na robar. Alfarwa.

Gumi ya tsattsafo masa a goshi. In wannan kalmar ma bai riƙe daidai ba, me kuma ya riƙe? Watakila duk abin da yake ji a kunnensa shi ne ya ƙirƙira.

"Ba haka take faɗa ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ko dai kaina ne ya fara..."

Matarsa, wadda tun shigowarsu take zaune a kan benci da jaka a cinya, ta ce, "Baban Auta, kanka ƙalau yake."

Ya juyo.

"Alfarma take cewa. Tun tana aji uku ta karanta shi haka, kai kuma ka ce kai, wannan kalma da daɗi take, ka sa ta maimaita. Da ta girma ta gane kuskuren, ta same ni a kicin tana dariya. Na ce ki gyara mana. Ta ce Mama, ki bar min Baba da alfarmarsa."

Mai kantin ta juya tana gyara wasu littattafai da ba su buƙatar gyara.

Mai Agogo ya daɗe yana kallon kalmar. Yana ganinta sarai, harafi bayan harafi, ba wanda ya ɓace masa.

"In duba wani, Baba?" mai kantin ta tambaya a hankali. "Ko a yi maka oda?"

"Babu inda za ki same shi," ya ce. "Wannan ɗin za ki ba ni."

Ta miƙa hannu za ta sa shi a kwali. Ya ce ta dakata tukuna. Ya mayar da yatsansa farkon layin, ya gyara murya, ya karanta a fili, a hankali, yana tuntuɓe. Da ya iso wurin ya ɗan tsaya, sannan ya karanta yadda aka koya masa.