Bargon Kawu Sale da Gatarin Inna

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Gadarif ya san Kawu Sale da abu ɗaya. Ranar da sanyin hunturu ya fi cizo, ranar yake fitowa lambunsa da sassafe daga shi sai 'yar shara, haƙora na kaɗawa, yana cewa, "Ya salam! Wannan ba sanyi ba ne, ni'ima ce!"

Bargonsa kuwa yana jikin Auta.

Kun dai tuna Auta, bishiyar lemun tsamin nan da ya ɗauko daga garin Hawata a gwangwanin mai, shekarar da ya ajiye tuƙin tarakta. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kaftar gonakin dawa waɗanda ido ba ya ganin ƙarshensu, sai ga shi ya tare a lambun da tabarma uku za su rufe. Kuma Auta, Allah shaida, ba ta taɓa yin ɗa ko ɗaya ba.

Matarsa Inna Hauwa takan leƙo daga madafa. "Malam, mura za ta kashe ka!"

"Hajja, ni ina da kofi. Ita me take da shi?"

Kofin ma abin kallo ne. Garin kofi ɗaya sai ya yi ta tafasa shi a jabana, ɗan tulun dafa gahawa, har ruwan ya fito fari kamar hawaye, sannan ya juye tukar a gindin Auta, wai kowa ya samu rabonsa. Ruwa kuma kun san tsadarsa a garin nan. Baƙo ya nemi buta, Kawu zai ja shi har lambu: "Yi alwalarka a nan, ya zol, bawan Allah, lada biyu ne."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsu na tashi, kuma lokacin littattafan soyayya sun gama cinye mini kai. Nakan zauna kusa da garwashinsa, raɓa na walƙiya a kan ganyen albasa, numfashinmu na fita kamar hayaƙi, ina karanta masa yana gyaran igiyar gado. Rannan na kai inda saurayi ya rantse zai mutu saboda budurwa. Kawu ya ɗago.

"Shi wannan yaron, me yake nomawa?"

"Kawu, ba a faɗa ba."

"To ya mutu mana. Dama yunwa ce za ta kashe su."

Amma babban abin shi ne gatari. Duk shekara idan sanyi ya kankama, Inna za ta fito da gatari a kafaɗa, fuska a murtuke. "Yau sai na sare wannan juyar! Ta shanye mana ruwa, ta ƙwace bargo, ko ƙwallo ɗaya babu!" Kawu zai ruga ya riƙe mata hannu. "Haba Hajja, don girman Allah! Ki ƙara mata shekara ɗaya, ni ne lamuninta." Sai ta yi tsaki ta sauke.

Zuciyata ta kasa ɗauka. Wata shekara na ɓoye gatarin a ƙarƙashin buhunan riɗi, ina jin kaina jaruma mai ceton masoya. Da gari ya waye suka birkice gida su biyu, Kawu ya fi Inna zafin nema. Da ya gane ni ce, ya ja ni bayan ɗaki, nesa da Auta, ya yi ƙasa da murya.

"Ke Zinatu, kin ɓata mana aiki! Haka masu lambu ke yi a bakin kogin Rahad. Bishiya tana ji. Ɗaya ya tsorata ta, ɗaya ya yi ceto, sai kunya ta sa ta haihu."

"To Kawu, ai har yanzu ba ta haihu ba."

"Innarki ce ba ta iya zare ido da kyau."

Kawu ya rasu da damina, ana tsakiyar shuka. Da sanyi ya dawo, wata safiya na ji ƙarar ƙarfe a tsakar gida. Na leƙo, ga Inna a gaban Auta, gatari a sama. Na ɗauka yau da gaske ne, don mai lamuni ba ya nan, kuma yayyena 'ya'yan Kawu sun daɗe suna cewa wurin ya isa ɗaki guda.

"Yau sai na sare ki," in ji Inna. Muryar ba ta fita sosai ba.

Ba ta sara ba, ba ta sauke ba. Tana tsaye tana jira.

Na fita da gudu ba ko takalmi, na riƙe hannunta. "Haba Inna, don girman Allah! Shekara ɗaya. Ni ce lamuninta."

Ta sauke a hankali, ta goge ido da bakin mayafi. "Kin cika nawa. Shi tun ban ɗaga ba yake isowa." Ta juya za ta shiga, sai ta tsaya. "Ɗauko bargon nan mana. Ba ki ga tana jin sanyi ba?"

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa. Ya ba shi lambu mai ruwa a gindi, wanda ba sai an jira alwalar baƙo ba, ya sanyaya makwancinsa da irin sanyin da yake kira ni'ima. Amin.